Badakshan: Lardin da Ƙanƙara Ke Yanke wa Mahaƙa Ranar Shiga Rami

Wanda duk zai yi magana kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar Badakshan, lardin da ke ƙuryar arewa maso gabashin Afganistan, to ya fara da tsayin wurin, domin tsayin ne ke juya komai. Faizabad, babban birnin lardin, tana bakin kogin Kokca, kimanin mita 1,200 sama da teku. Ishkashim, a kan iyakar Tajikistan, ta haura mita 2,500. Makiyayan Kirgiz na Ƙaramar Pamir, can ƙarshen zirin Wakan, suna kafa tantunansu a wajen mita 4,000. Dutsen Noshak kuwa, wanda babu mai tsayinsa a duk ƙasar, mita 7,492 ne. Duk wannan a cikin lardi ɗaya mai faɗin murabba'in kilomita 44,000 ko kusa da haka.

Lissafin da masu nazarin yanayi ke yi ba shi da wuya: kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Ke nan ranar da ma'auni ya nuna 30 a Faizabad, a Pamir bai fi 12 ba, kuma da rana ta faɗi sai ya gangara kusa da sifili, ko da a watan Yuli ne. Shi ya sa cewa "yanayin Badakshan" kamar abu ɗaya ne kuskure ne. Yanayi ne hawa-hawa, kowane kwari da nasa.

Abu na biyu shi ne lokacin da ruwa ke sauka. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Indiya ba ta iya tsallake katangar duwatsun Hindu Kush, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Danshin da lardin ke samu daga yamma yake zuwa, daga wajen Bahar Rum, kuma a watannin sanyi yake isowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu yana sauka a matsayin dusar ƙanƙara, a Maris da Afrilu ya zama ruwan sama mai yawa a ƙananan kwaruruka, daga Yuni zuwa Satumba kuma sama ta bushe ƙarƙaf. Faizabad na samun abin da ya kusa milimita 500 a shekara. Wakan da ke bayan duwatsu ba ta samun ko kusa da haka. Hamada ce mai sanyi, inda ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 30 ƙarƙashin sifili a tsakiyar hunturu.

Nan ne abin ke rikita baƙo. Lokacin da sama ta fi bushewa shi ne lokacin da koguna suka fi cika. Kokca da Panj, kogin da ke kan iyakar Tajikistan, ba ruwan sama ke ciyar da su ba, narkewar ƙanƙarar kan duwatsu ce, don haka ambaliyarsu ta Yuni da Yuli ce, ƙarƙashin rana tsaka. Har a cikin yini guda ana ganin bambanci: rafin da aka tsallake da safe ruwa iya gwiwa, da la'asar ya kai ƙugu, saboda rana ta yini tana narkar da ƙanƙara a sama. Masu dakon kaya da jakuna sun san wannan sarai, da asuba suke ƙetare rafi.

Dutsen da ya sa duniya ta san lardin shi ne lajward, shuɗin dutsen nan da Turawa ke kira lapis lazuli. Ana haƙo shi a Sar-i Sang, cikin gundumar Kuran wa Munjan, a saman kwarin Kokca, kuma an fi shekara 6,000 ana yi. Shi ne a kayan kabarin sarakunan Ur na tsohuwar Iraƙi, shi ne a girar fuskar zinarin Fir'auna Tutankamun. Mutanen tsohuwar wayewar kogin Indus har sansanin ciniki suka kafa a Shortugai, kusa da inda Kokca ke shiga kogin Amu Darya, don su kusanci hanyar dutsen.

Lajward ba ma'adini ɗaya ba ne, haɗin gambiza ne, kuma sanin abin da ya haɗu a cikinsa shi ne rabin sanin farashinsa. Shuɗin daga lazurayit yake fitowa, launin kuma farar wuta ce da ta maƙale a cikin ƙwayoyin ma'adinin take ba shi. Fararen jijiyoyin da ake gani kalsayit ne, wato ainihin farin dutsen mabul da lajward ke kwance a cikinsa. Ɗige-ɗigen da ke ƙyalli kamar zinari kuwa fayirayit ne, ƙarfe ne da farar wuta, ba zinari ba. Ɗan fayirayit da ya bazu kamar taurari yana ƙara wa dutse kyau, kuma yana cikin alamomin da ake dubawa wajen gane na gaske. Idan ya yi yawa sai dutsen ya koma kore-kore. Kalsayit kuwa duk inda ya bayyana rage kuɗi yake yi. Mahaƙan wurin sun daɗe da raba shi gida uku: nili, mai shuɗi mai duhu kamar baba, shi ne sarki, asmani, mai launin sararin sama, sai sabzi, mai ratsin kore, wanda ya fi arha. Ana samun lajward a wajen tafkin Baikal na Rasha da kuma duwatsun Chile, amma na Chile farinsa ya fi yawa, shi ya sa dillalai har gobe na Sar-i Sang suke auna sauran da shi.

Ba ya zuwa a shimfiɗe kamar gawayin kwal. Dunƙule-dunƙule yake, siraran jijiyoyi masu kumbura su tsuke a cikin mabul, a jikin gangaren da ke can sama da ƙauyen, inda ake hawa da ƙafa ta siririyar hanya. Yau a bi jijiya mai kauri, gobe ta ɓace, a ci gaba da fasa farin dutse kwana da kwanaki ba a ga komai ba.

Wani hafsan sojan ruwa ɗan Birtaniya, John Wood, ya isa ramukan a ƙarshen shekarun 1830, ya kuma rubuta yadda ake aikin a lokacin. Ana hura wuta da busassun ƙirare a jikin dutsen har ya yi laushi, a bi shi da guduma ana ɓantarar ɓawo-ɓawo har shuɗin ya bayyana. Daga nan sai a sassaƙa rami mai zurfi kewaye da shi, a zura ƙarfen ɓanɓara, a ɗago shi tare da ɗan mabul ɗin da ke jikinsa. Abin mamaki, a wancan zamanin da hunturu ake aikin. Wood ya kawo dalili biyu: aikin tilas ne da masu mulki ke ɗora wa talakawa, sai aka zaɓi lokacin da babu noma, kuma wataƙila dutsen da ya sha sanyi ya fi saurin tsagewa idan wuta ta taɓa shi.

Yanzu kalandar ta juye. Galibin aiki daga Yuni ne zuwa wajen Nuwamba, domin aikin yau ya dogara da abin da za a kawo daga nesa: man dizal, injin huda dutse, nakiya, garin alkama. Idan ƙanƙara ta rufe hanya, an rufe ramin ke nan.

A ganina nakiyar nan ita ce babbar asarar Sar-i Sang. Taurin lajward bai wuce 5 zuwa 5.5 a ma'aunin Mohs ba, wato ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 1 zuwa 10, kuma da yake ma'adinai daban-daban ne suka haɗu, kowace mahaɗa tsakanin shuɗi da fari wurin rauni ce. Idan aka huda rami a jikin jijiyar kanta aka cika shi da nakiya, girgizar na bin waɗannan mahaɗai ta bar tsaga sirara kamar gashi, wadda ido ba ya gani a cikin duhun rami. Dunƙulen zai fito kamar lafiyayye. Sai ya isa hannun mai yanka, zarto ya taɓa shi, ya wargaje. Dutsen da zai yi faranti ko babban kwano sai ya ƙare a ƙananan duwatsun zobe da carbi, garin neman ƙiba an samo rama. Hanyar da ta fi ita ce a huda ramukan a cikin mabul, nesa da jijiyar, a yi amfani da nakiya kaɗan don buɗe fili kawai, sannan a ƙarasa da cizal da guduma da ƙarfen ɓanɓara, kusan yadda mutanen da suka yi. Kowa a wurin ya san haka. Amma mutumin da ke da wata biyar kacal, ko wanda ya karɓi hayar rami na 'yan kwanaki, ba zai tsaya lallaɓa dutse ba. Gaggawar daga yanayi take, kuma daga rashin tabbas kan wanda zai mallaki ramin baɗi.

Mai saye na da dabarar gane tsagar: a jiƙa dutsen da ruwa a bar shi ya sha iska. Fuskar za ta bushe, amma tsagar za ta riƙe danshi ta fito kamar baƙin zare. A kuma ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe. Lafiyayye na amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsaga kuma muryarsa a dushe take. Jiƙawar na da wata fuska: ruwa na ƙara wa shuɗi duhu, shi ya sa mai sayarwa ke son nuna kayansa a jiƙe. A yi ciniki a kan busasshen dutse, a hasken rana.

Na jabu ma sun cika kasuwa. Akwai farin dutsen haulayit da ake rinawa, akwai lajward na gaske amma maras kyau da ake shafa wa shuni don a ɓoye farinsa, a bi da kakin zuma. Auduga da aka tsoma a asiton, ruwan nan na goge jan farce, tana tona asirin rini: a goga a wani lungu, idan ta ɗauko shuɗi, an gama magana. Sai dai idan an shafe dutsen da kaki, sai an kankare kakin tukuna. Ɗigon asid a kan na gaske yana tayar da wari irin na baragurbi saboda farar wutar da ke ciki, amma yana ɓata wurin da ya taɓa, don haka a kan ɓaraguzai ake gwada shi. Wani shuɗin dutse mai suna sodalayit na kama da shi ƙwarai, amma ya fi shi sauƙi a hannu kuma da wuya a ga ɗigon fayirayit a jikinsa.

Tsayin wurin na cin injuna kamar yadda yake cin mutane. A mita 3,000 nauyin iska kusan kashi 70 cikin ɗari ne na abin da ke bakin teku. Injin dizal da ba shi da turbo na rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, ke nan janaretan da aka saya a birni ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku kafin a kunna shi a bakin rami. Sai ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, kwamfuresa ta kasa tara iskar da injin huda ke buƙata. Da sanyi ya shigo kuma dizal ɗin ya yi kauri ya toshe matata. Ruwa na tafasa a wajen digiri 90, wake ya daɗe bai nuna ba. Hayaƙin da nakiya ke bari a rami mai ƙofa ɗaya, a wurin da dama iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ya fi kisa fiye da yadda ake zato, kuma gaggawar komawa ciki don a ga abin da ya faɗo ita ke jefa mutane a ciki.

Farkon buɗe aiki shi ne lokaci mafi haɗari. Ruwan da ya shiga tsagogin dutse yana ƙara girma da kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Duk tsawon hunturu yana buɗa tsagar kaɗan-kaɗan, amma ƙanƙarar na riƙe da dutsen kamar siminti. Ranar da ta narke, abin da ke riƙe da shi ya tafi. Saboda haka aikin farko a kowace shekara shi ne a bi rufin ramin da bakinsa da dogon ƙarfe ana bugawa, duk inda ya yi ƙarar ganga a sauke shi da gangan kafin ya sauko da kansa. Ga kuma girgizar ƙasa: wadda aka yi ranar 26 ga Oktoba 2015, mai ƙarfin 7.5, cibiyarta a nan lardin take, a zurfin da ya haura kilomita 200. Karon da farantin ƙasar Indiya ke yi da na Asiya, wanda ya ɗaga waɗannan duwatsu, bai tsaya ba har yau.

Fitar da kayan wani aiki ne. Hanya ɗaya ta gangara kwarin Kokca zuwa Jurm da Baharak da Faizabad. Wata ta haura mashigar Anjuman da ke kan duwatsu ta faɗa Panjshir zuwa Kabul. Ta uku ta bi mashigar Dora zuwa Citral a Pakistan, daga nan zuwa kasuwar duwatsu ta Namak Mandi a Peshawar. Mashigan biyu duk sun haura mita 4,000, kuma 'yan watanni kawai suke buɗe. Wanda ya tara kaya bai fitar ba kafin ƙanƙarar farko, kuɗinsa ya kwanta sai baɗi, kuma dillalai sun san haka, shi ya sa farashi a bakin rami ke karyewa idan lokaci ya ƙure. Yanka da gogewa, inda ribar take, yawanci a wajen lardin ake yi, kai har a wajen ƙasar. Wani rahoto da ƙungiyar Global Witness ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun samu kusan dala miliyan 20 daga lajward a shekarar 2014 kaɗai, alhali lardin na cikin mafi talauci a ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko ɓaraguzan ba abin zubarwa ba ne, domin da su ake yin shuɗin fenti mafi tsada da masu zanen Turai suka sani, kuma an same shi a zanen kogwannin dutse na Bamiyan, a tsakiyar Afganistan, tun ƙarni na 6 zuwa na 7. Niƙa dutsen kawai ba ya isa, toka-toka yake fitowa saboda kalsayit. Yadda Cennino Cennini na Italiya ya bayyana wajen shekarar 1400 shi ne a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa garin da ƙaron itace da kakin zuma, a bar curin ya yi kwanaki, sannan a riƙa murza shi cikin ruwan toka. Ƙwayoyin shuɗin na sulalewa su kwanta a ƙasan kwano, dattin ya maƙale a kakin. Ruwan farko shi ne mai daraja, kowane na bayansa na ƙara kodewa. Wannan kasuwa ta karye a 1828, lokacin da Jean-Baptiste Guimet na Faransa ya fito da hanyar haɗa launin a masana'anta.

Sunan lardin ya bi wani dutsen ma: jan dutsen da Larabawa suka kira balaksh, wanda aka daɗe ana ɗauka yaƙutu ne, alhali sifinel ne, taurinsa 8, na yaƙutu 9. Shahararren ramin, Kuh-i Lal, yana tsallaken Panj, a ɓangaren Tajikistan na tsohuwar Badakshan.

Zinari kuwa kalandarsa kishiyar ta lajward ce. Akwai shi a cikin dutse a arewacin lardin, kamar a Wekadur da ke yankin Rag, wanda masanan ƙasa na Tarayyar Sobiyet suka bincika, amma talakawa na bakin kogi suke bi, inda ruwa ya riga ya yi musu niƙa. Wannan aikin sai ruwa ya ja baya, daga kaka zuwa farkon shekara, wato daidai lokacin da ruwan ke yanka hannu don sanyi. Sirrin aikin nauyi ne: zinari ya ninka ruwa sau 19.3, yashi sau 2.65 kawai. Ana tace tsakuwa da rariya, a zuba abin da ya wuce a doguwar magudanar katako da aka shimfiɗa wa bargo ko fatar tunkiya, a sakar mata ruwa. Gangaren magudanar shi ne komai, kimanin santimita 8 a kowace mita. Idan ya yi tsaye da yawa, ƙananan ƙwayoyin zinari su bi ruwa su tafi. Idan ya kwanta, baƙin yashi mai ƙarfe ya cika gashin bargon, zinarin ya rasa wurin maƙalewa ya wuce ta sama. Ana wanke bargon a baho, a ƙarasa da kwano, a janye baƙin yashin da maganaɗisu da aka naɗe a leda don a ji daɗin zubarwa. Masu haɗawa da zaiba suna samun sauri, amma ƙona curin zaiba da zinarin a ɗakin da aka toshe ko'ina saboda sanyi shaƙar guba ce ga duk mutanen gidan. Zaiba na tafasa a digiri 357, tun kafin nan ma tana tashi, kuma tururinta ba shi da wari.

Zinarin ya fi taruwa a can ƙasa, inda tsakuwa ta haɗu da dutsen gindin kogi, shi ya sa ake ta nutsawa. Tsakuwar kogi ba ta da abin da ke riƙe ta. Idan aka bar ta, a gangaren digiri 35 ko kusa da haka take tsayawa, ba a miƙe ba. Mita ɗaya ta kowace fuska ta jiƙaƙƙiyar tsakuwa ta kai tan 2. Ramin da aka haƙa a miƙe ba tare da tokaren katako ba, sanyi ne kawai ke riƙe da bangonsa, kuma katako abu ne mai tsada a lardin da itace ya yi ƙaranci. A Janairun 2019, a gundumar Kohistan, ramin da mutanen ƙauye suka haƙa a gindin kogi, mai zurfin kusan mita 60, ya rufta ya kashe mutum 30 ko fiye.

Irin wannan raunin ƙasa ba a ramuka kaɗai ya tsaya ba. Tuddan yammacin lardin lulluɓe suke da ƙasa mai laushi kamar gari, wadda iska ta tara cikin dubban shekaru. A kanta ake noman lalmi, wato alkamar da ta dogara da ruwan sama, saɓanin abi da ake yi wa ban ruwa a gindin kwari. Busasshiya tana iya tsayawa a miƙe kamar bango, amma idan ruwan Afrilu ya haɗu da narkewar ƙanƙara ya jiƙa ta har ciki, sai ta zama kunu. Ranar 2 ga Mayu 2014, bayan kwanaki ana ruwa, gefen tudu ya zaftaro kan ƙauyen Ab Barik a gundumar Argo. Mutanen maƙwabta sun ruga ceto da shebur, zaftarewa ta biyu ta same su a wurin. Alƙaluman mamatan sun saɓa, daga 'yan ɗaruruwa zuwa sama da 2,000, domin ba a iya tono su ba. Alamomin da ke gabatar irin wannan sanannu ne: tsaga mai lanƙwasa a saman tudu da ke ƙara buɗewa kullum, bishiyoyin da suka fara karkata, da idon ruwan da ya rikiɗe ya zama laka ko ya ƙafe farat ɗaya a tsakiyar lokacin ruwa.